Yadda Ake Gano Yanayin Zamanin Da Daga Ƙasa Da Ƙasusuwan Dabbobi, Ga Mai Son Farawa A Yankin Maraɗi

Jama'a tambayar yadda ake gane yanayin zamanin da daga ƙasa da ƙashi ta yi yawa. Ɗalibai ƴan lisans da mastar masu neman abin rubuta memuwar, wato kundin ƙare karatu, suna yi, masu ginar rijiya ma sai su turo hoton wani haƙori ko katantanwa da sunka ci karo da ita a gaba goma ƙarƙashin ƙasa su ce malam mi wannan ke nufi, da can ruwa ne a nan ko daji? To ga yadda aikin yake daki-daki. Abu guda ne zan ta nanatawa har ku gaji: ƙashin da anka ciro anka jefa aljihu ba a rubuta daga wace shimfiɗar ƙasa ya fito ba, ya tashi daga shaida ya koma kayan ado.

1. Nemi inda ƙasa ta riga ta buɗe

Kada ka fara da ginar rami, wahala ce da ɓata kuɗi. Ka nemi wurin da ruwa ko mutane sunka riga sunka yanka maka, gaɓar Gulbin Maraɗi inda ambaliya ta zabtare, kwazazzaban da ke gangarowa daga tudu, ramukan da ake ɗibar ƙasar tubali, kariyar da ake ginar yashi da tsakuwa, ko sabuwar rijiya tun ba a sa mata siminti ba. Gulbin Kaba wajen Mayahi da kwarin Tarka can wajen Dakwaro wurare ne masu kyau, don duk wanda ya tsaya ya dubi faɗinsu ya san ruwan da ke bi ta nan yanzu ba shi ya fafe su ba. Tabkin Madarunfa kuma na mai son laka ne. Jigawar da muke shuka hatsi a kai ita ma shaida ce, tsofaffin tuddan rairayi ne da iska ta tara lokacin da hamada ta sauko kudu sosai wajen shekara 20,000 da sunka wuce, wani Bature masanin ƙasa mai suna Grove ya yi rubutu a kansu tun 1958.

Ka kiyaye da wannan: jan dutsen yashi da ke ƙarƙashin rairayin namu, wanda masana ke kira Kontinantal Hamadiyan, na zamanin dinozor ne, ba za ka samu dorina ko giwa a ciki ba. Aikinka yana cikin laka da yashin da ke samanshi. Kuma in gaya maka gaskiya tun yanzu, jigawa tana cinye ƙashi, ba ta ajiya. Ƙashi ya fi tsira cikin laka mai farar ƙasa. Saboda haka mai yiwuwa ka gama aiki da ƙasa kaɗai ba ko haƙori ɗaya, kuma wannan ba faɗuwa ba ce.

Lokacin fita bayan girbi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwa ya janye zafi bai sauko ba. Ƙauyukan bakin iyaka ta wajen Madarunfa da Gidan Rumji kuwa ka tambayi halin tsaro kafin ka hau babur, kada ka tafi kai kaɗai.

2. Izini

Mai gona da mai gari tukunna, ka je ka gaishe su ka yi bayani da bakinka, in ba haka ba kafin azahar labari ya bazu cewa zinariya kake nema. Sannan hukuma. Nijar na da dokar kare kayan tarihi, mai lamba 97-022 ta shekarar 1997, tonon kayan tarihi ba izini laifi ne, fitar da su waje kuma ya fi muni. In ɗalibi ne kai ka bi ta hannun malaminka a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya rubuta maka takarda, harkar tono kuma cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai ita ce ta saba da ita. Kallon bango, wato jikin ƙasar da ta buɗe, da zana shi babu matsala, daga ka fara ciro ƙashi ne magana ke canzawa.

In ka ci karo da ƙashin mutum, tsaya nan take. Rufe, ka sanar da mai gari da hukuma. Kufai da tsofaffin kusheyi sun cika yankin nan.

3. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Shebur, hauya, cokalin magini ƙarami mai tsini, buroshin fenti babba da ƙarami, tsinken itace irin na tsire, metir na magini, igiya da ƙusoshi, leda mai zif da yawa, takardar alminiyam, alƙalamin da ba ya gogewa, kaye mai bango mai ƙarfi da fensir, don biro na zuba in zufa ta taɓa shi. Sai rariya biyu, mai ido milimita 2 da mai ido rabin milimita, gilashin ƙara girma mai ninki 10, kwalbar gilashi mai murfi, jarkar ruwa, da waya mai GPS da kamfas. In labo za su ara maka littafin launi na Munsell ka karɓa da hannu biyu, don abin da kai za ka ce ja wani zai ce ruwan ƙasa. Sai ruwan asid, HCl mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. In kai za ka sirka, asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, zai fantsamo maka ido. In babu, binegar na ɗan yi amma sai ka kasa kunne sosai.

Waɗanga duka kayan kasuwa ne, ba su ke karya mutum ba. Kuɗin yana tafiya wajen mota da man fetur, ladan masu taya ka gina, sannan uwa uba labo. Awon shekaru guda ɗaya tak na karbon 14 ka yi lissafin jika 200 zuwa sama kafin kuɗin aikawa, na yashi ya fi haka tsada kuma ya fi daɗewa. Don haka tun daga gida ka san guda nawa aljihunka zai ɗauka, shi zai nuna maka inda za ka ɗebi samfuri.

4. Share bango ka zana shi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Ka zaɓi faɗin metir guda a jikin bangon, ka kankare daga sama zuwa ƙasa har ka cire santimetir 10 ko 20 na busasshen waje, sai ɗanyar ƙasa ta bayyana da launinta na gaskiya. Kafa ƙusa a can sama, ita ce sifilinka, ka rataya metir daga nan, duk wani awo daga wagga ƙusa zai fara. GPS na waya yana da amfani wajen nuna wuri amma tsawon da yake bayarwa kada ka dogara da shi, yana kuskuren metoci.

Gargaɗi tun kafin ka sunkuya: bangon yashi da ya wuce tsawon ƙirjinka yana iya rubzawa ba sanarwa. Ka yanka shi hawa-hawa, kada ka fafe gindinshi, kada kowa ya tsaya a bisa kai lokacin da kake ƙasa. Rijiya kuwa bar ma masu ita su shiga, kai ka tsaya baki kana karɓar ƙasar kowace gaba kana ajiyewa daban da lambarta. Kunama da kububuwa na son ramukan bango, a buga da sanda kafin a sa hannu.

Yanzu ka ja layi da tsinin cokali duk inda launi ko laushin ƙasa ya canza, ka ba kowace shimfiɗa lamba. Ka'idar ita ce ta rumbu, damin da anka fara sawa shi ke ƙasa, na bana na sama. Ga kowace shimfiɗa ka rubuta kaurinta, launinta jiƙe da bushe, girman ƙwayarta, ko tana da layi-layi a ciki, ko akwai saiwa, gawayi, katantanwa, kasko, sannan yadda ta haɗu da ta ƙarƙashinta. Wannan na ƙarshe shi ake mantawa alhali yana da nauyi. In canjin a hankali ne to yanayi ne ya juya sannu-sannu, in kuwa layin kaifi ne mai lanƙwasa da tsakuwa kwance a kai, ruwa ne ya zo ya kwashe wani abu, ma'ana akwai shekarun da sunka ɓace a nan, ƙila ɗari ƙila dubbai.

Ɗauki hoto da metir a ciki da ɗan allo mai sunan wuri da kwanan wata, da safe ko da la'asar, rana tsaka tana wanke launi. Amma hoto ba ya maye gurbin zane, hannunka ya zana a kaye, santimetir 1 a takarda a matsayin santimetir 10 a bango.

Ka lura da aikin gara. A ƙasarmu gara da ɓeraye da saiwar itace suna dama shimfiɗu fiye da yadda littattafan Turai ke faɗi. In ka ga wani zagaye ko dogon rami mai launi daban ya ratsa shimfiɗu, zana shi ka kauce mashi, duk abin da ke ciki daga sama ya gangaro.

5. Mi ƙasar ke cewa

Jiƙa ɗan kaɗan ka murza tsakanin yatsu. Mai ƙaiƙayi yashi ne, mai santsi da ba ya danƙo ƙura ce, wanda ya mulmulu ya yi igiya bai karye ba laka ce. In kana son ƙiyasi sai ka cika sulusin kwalba da ƙasar, ka ƙara ruwa da ɗan omo, ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti guda, ƙura cikin awa biyu, laka sai ta kwana ɗaya ko biyu. Ka auna kaurin kowane da metir.

Yashin da iska ta tara ƙwayarshi kusan girma ɗaya ce, a gilashi za ka gan ta mulmulalla mai dishi-dishi, babu tsakuwa ko ɗaya, sau da yawa ja ne saboda tsatsar ƙarfe da ta lulluɓe shi bayan ya zauna. Wannan fari ne da ƙarancin ciyawa. Yashin gulbi gauraye yake, tsakuwa a gindi yana laushi yana hawa sama har ya ƙare da laka, da layuka masu karkata da ke nuna inda ruwan ya nufa. Baƙar laka mai siraran layuka kwance, ruwa ne tsayayye da ya daɗe. Laka mai ɗigo-ɗigon tsatsa da toka-toka fadama ce da ke cika tana janyewa. Baƙin layi mai burbushin saiwa a tsakiyar yashi tsohuwar fuskar ƙasa ce, wato iska ta huta ciyawa ta kama na wani dogon lokaci kafin rairayi ya sake binne ta.

Farar shimfiɗa kuma iri biyu ce, nan asid ke aiki. Ɗiga mata, in ta yi kumfa tana tsuwa farar ƙasa ce, wani lokaci ma za ka gan ta ta daskare da siffar saiwa. In ba ta yi kumfa ba kuma ba ta da nauyi a hannu, tana iya zama ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira diyatom, sai madubin labo zai tabbatar. Irinta ce shimfiɗe a Bilma da Fashi, da kwarin Bodele na Chadi inda tsohon babban tabkin Chadi ya kwanta lokacin da faɗinshi ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, kuma wani kaso na hazon hunturu da ke rufe mu daga can yake tasowa. Gishiri ko kanwa a cikin laka kuwa alamar tabki ne da ke ƙafewa.

Katantanwa kada ka raina ta. Ta dodon koɗin tudu daban, ta ruwa daban, a cikin na ruwan ma akwai masu son ruwan da ba ya ƙafewa da masu jure kududdufin damina. Ka tara su shimfiɗa-shimfiɗa, kada ka gauraya.

6. Ɗibar samfuri

Daga ƙasa ake farawa a hau sama, don abin da ke zubowa kada ya ɓata wurin da ba ka ɗiba ba tukunna. Goge cokali bayan kowane ɗiba. Cikin tafi biyu ya isa ga kowace shimfiɗa, in mai kauri ce ka ɗiba duk bayan santimetir 10. Lamba a bayan leda, lamba kuma a ƴar takarda cikin wata ƙaramar leda a ciki, don rana da gogayya na cinye rubutun waje.

Gawayi: da tsinin wuƙa mai tsabta za ka ɗauka, cikin takardar alminiyam, ba hannu ba auduga ba, kuma mai shan taba ya matsa nesa. In da danshi ka bari ya sha iska a inuwa kada ya yi funfuna. Ƙurar fure, wadda ke nuna irin itatuwa da ciyayin da sunka rayu, ba ta tsira cikin jan yashi, baƙar laka mai danshi kaɗai ke riƙe ta, ka ɗiba da sauri ka rufe ka ajiye wuri mai sanyi.

Na awon yashi shi ne mai tsarabe-tsarabe. Awon da ake kira OSL yana faɗin yaushe rabon ƙwayar yashin da ganin rana, saboda haka in haske ya taɓa ta ko na ƴan daƙiƙu ne ka yi asarar kuɗinka. Tuyo na ƙarfe ko baƙin roba mai kauri, tsawon santimetir 25 haka, ka buga shi kwance cikin bangon har ya cika dam, ka toshe bakin waje kafin ka zaro, ka toshe ɗayan nan take ka naɗe da baƙin salatif. Ka zaɓi tsakiyar shimfiɗa mai kauri, nesa da iyakarta, ka ɗebi ledar ƙasa daga kewayen ramin, ka rubuta zurfin.

In a tabki kake, tuyon roba ake dannawa cikin laka a zaro. Zana kibiya a jiki mai nuna sama tun kafin ka danna. An sha kai tuyo labo a rasa ina kai ina gindi.

7. In ƙashi ya bayyana

Kada ka ja shi. Na sake faɗi, kada ka ja shi. Ka aje cokali ka ɗauki tsinke da buroshi, ka share kewaye har ka ga iyakarshi, ka bar shi zaune bisa ɗan tudun ƙasarshi. Yi mashi inuwa, ƙashi mai danshi in rana ta buge shi yana tsagewa kana kallo. Hoto, zurfi daga ƙusa, lambar shimfiɗa, inda tsawonshi ya fuskanta a kamfas, kuma ko yana haɗe da ɗan'uwanshi ko shi kaɗai ne. Sai bayan wannan duka za a ɗaga.

In yana rugurgujewa, maganin da masu aikin ke amfani da shi Paraloid B-72 ne narke cikin aseton. Kada ka kuskura ka sa mashi supagulu ko banish ko gam ɗin kafinta. Ko Paraloid ɗin ma ka ware wani guntu da haƙori guda da ba ka shafa ba, don na awo ne. Babban abu irin ƙoƙon kai ana lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar takardar bayi, a naɗe da bandejin filasta irin na ɗorin karaya, ya bushe, sannan a yanke ta ƙasa a juya.

Kafin ka tambayi wace dabba ce, tambayi yadda ta zo nan. Ƙashin da gefunanshi sunka goge sunka yi sumul ruwa ne ya gangaro da shi, wataƙila daga nesa, wataƙila ma daga tsohuwar shimfiɗa ya tono shi. Mai tsage-tsage yana ɓarewa ya daɗe a fili rana na dukanshi kafin ya binnu, wata masaniya Behrensmeyer ta kasa wanga lalacewa mataki 0 zuwa 5 daga aikinta a Amboseli ta Kenya a 1978, har yau da shi ake aiki. Akwai sawun haƙorin kura, akwai sawun wuƙa da ƙuna. In mutane ne sunka tara ƙasusuwan to abin da suke so su ci ne kake gani, ba dukan dabbobin dajin ba.

8. Tankaɗe

Ƙasar da ke kewaye da ƙashin kada a zubar. A jiƙa ta cikin bokiti ta narke, a wanke ta cikin rariyoyin nan biyu ɗaya bisa ɗaya, a shanya a inuwa, a zauna da gilashi a tsince. Aiki ne mai gundura kuma shi ne ya fi biya, don haƙoran ɓeraye da jaɓa da ƙayar kifi nan suke. Giwa na iya tafiyar kwana da kwanaki neman ruwa ta mutu inda ba gidanta ba, ɓera kuwa inda ya rayu nan kusa ya mutu. Gyazbi yana nufin doguwar ciyawa da danshi, ɓeran rairayi mai dogayen ƙafafun baya yana nufin fili busasshe. Ka rubuta bokiti nawa ka wanke daga kowace shimfiɗa, in ba haka ba ba za ka iya kwatanta su ba.

9. Wace dabba ce, kuma mi take shaida

Haƙori ya fi komai, sai ƙaho da gaɓoɓin ƙafa. Guntun haƙarƙari ba ya faɗin komai, kada ka ɓata dare a kanshi. Hanya mafi sauƙi ta koyo ita ce ka je mahauta ka samo muƙamuƙin sa, na tunkiya, na akuya, na raƙumi, ka ƙara da na jaki da doki in ka samu, ka dafa ka wanke ka ajiye. Mafi yawan abin da mutane ke turowa da sunan dabbar zamanin da, wallahi saniya ce. Kuma ita ma tana da amfani: shanun gida ba su shigo Sahara ba sai wajen shekara 7,000 zuwa 8,000 da sunka wuce, raƙumi kuwa bai yaɗu ba sai wajen shekara 2,000, don haka ƙashin raƙumi a shimfiɗa ya riga ya gaya maka ba tsohuwa ba ce can-can.

Dorina sai ruwan da ba ya ƙafewa rani da damina, irin na kogin Kwara wajen Ayoru inda take har yanzu. Gwambaza da mariya da kwanta-rafi ba su nisa da ruwa. Kanki da gadu na fili ne mai ciyawa. Raƙumin dawa ganye yake ci, yana son itatuwa irin su ƙaya da gawo amma yana jure ƙishi, dubi na Kure da waɗanda anka kai Gadabeji a 2018, saboda haka shi kaɗai ba ya nufin ruwa mai yawa. Barewa kuwa har bakin hamada. Kifi ma haka, babbar giwan ruwa sai ruwa mai zurfi, amma gaiwa da tarwaɗa kududdufi ya ishe su, kowa ya san gaiwa na kwana cikin busasshiyar laka har damina ta dawo.

Ko ba ka gane sunan dabbar ba siffar haƙorin na magana. Dogo mai tsawon jiki wanda samanshi ya goge ya yi lebur na mai cin ciyawa ne da ƙura, gajere mai tsini-tsini na mai cin ganye ne.

Wajen ƙirga kada ka ce ƙashi 40 dabba 40. Ka duba gaɓa guda ta gefe guda, misali muƙamuƙin dama nawa ne, wannan shi ne mafi ƙarancin adadin dabbobin. Kuma dabba ɗaya ba ta yanke hukunci, taron ake dubawa. Da irin wanga taron dabbobi ne anka fara ƙiyasta shekarun Tumai, ƙoƙon kan wata tsohuwar halitta mai kama da mutum da anka samu a Jurab ta Chadi a 2001, wajen shekara miliyan 7, da kuma cewa bakin tabki ya rayu kusa da itatuwa da fili.

10. Shekaru da awon labo

Karbon 14 rabinshi na ƙarewa duk shekara 5,730, ba ya aiki bayan wajen shekara 50,000. Ƙwayar iri ko ɗan reshe da ya ƙone ya fi gawayin babban itace, don itacen na iya yin ɗaruruwan shekaru kafin a ƙona shi. Ƙashin yankinmu sau da yawa zafi ya cinye sinadarin da ake aunawa a ciki, sai labo su koma ga farin ɓawon haƙori, ka tambaye su kafin ka aika. Katantanwa na iya nuna tsufan da ya fi na gaskiya in ruwan ya bi ta farar ƙasa. Sakamako zai zo da adadin shekaru mai alamar BP, ana ƙirga shi baya daga 1950, kuma sai an daidaita shi da manhaja irin OxCal kafin ya zama shekarun kalanda, kada ka kwafe lambar kai tsaye cikin memuwar.

In awo biyu kaɗai za ka iya biya, sa ɗaya a gindin baƙar laka ɗaya a samanta, ka san yaushe ruwa ya zo yaushe ya tafi. In na sama ya fito ya fi na ƙasa tsufa kada ka ɓoye, koma kaye ka duba ko ramin gara ne.

Ɓawon haƙori kuma ana ɗibar ɗan gari kaɗan a auna izotop, wato ire-iren sinadari guda da nauyinsu ya bambanta, wannan bai kai karbon 14 tsada ba. Tsirrai gida biyu ne, hatsi da dawa da masara da yawancin ciyawar daji gida ɗaya, itatuwa da wake da gujiya da shinkafa ɗaya gidan, kuma abin da dabba ta ci yana zama cikin haƙorinta. Mai cin ganye zalla lambarshi ta karbon na zuwa wajen -12, mai cin ciyawa zalla wajen +1 ko +2. Na iskar oksijin kuma ana kwatanta dorina da ke kwance cikin ruwa da raƙumin dawa da ke samun ruwanshi daga ganye, in tazarar ta yi faɗi to iskar wurin busasshiya ce.

11. Haɗa lissafi

Yi jadawali, kowace shimfiɗa layi guda daga ƙasa zuwa sama, a gefe ka jera abin da ƙasa ta ce, abin da katantanwa da kifi sunka ce, abin da dabbobi sunka ce, da shekaru. Inda sunka yi baki ɗaya ka rubuta da ƙarfi. Inda sunka saɓa, misali haƙorin dorina cikin yashin iska, ka fara zargin cewa daga wani wuri ya zo kafin ka ƙirƙiro tabki.

Sai ka gwada da abin da anka riga anka sani. Sahara ta yi kore tsakanin wajen shekara 14,500 zuwa 5,500 da sunka wuce, da tsaiko a tsakani. A Gobero cikin Tenere, wurin da ayarin Paul Sereno ya gano a 2000, an samu mutane bakin tabki da dorina da kada da giwan ruwa daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, sai fari na kusan shekara 1,000 ya kore su, wasu sunka zo daga wajen 5200 zuwa 2500. Kwalekwalen Dufuna na Yobe da wani makiyayi ya ci karo da shi yana ginar rijiya a 1987 ya kai wajen shekara 8,000. In baƙar lakarka ta faɗa cikin waɗanga shekaru ka san kana kan hanya.

Kurakurai biyu nake yawan gani a wanga mataki. Na farko kauri ba shekaru ba ne, ambaliya guda irin ta 1945 da ta rushe tsohon garin Maraɗi har anka koma kan tudu tana iya zuba yashin da ya fi lakar shekara 500 kauri. Na biyu, ruwan Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, don haka tsakuwar gulbi na iya nufin an yi ruwa a kudu ne ba lallai a nan ba, shimfiɗun sama-sama kuma akwai hannun mutum ciki, sassabe da noma da madatsar Jibiya. Kuma kada ka rubuta cewa ruwan sama ya kai milimita kaza daga bango guda. Ka ce ya fi na yanzu, wanda ke wajen 500 a shekara, ko bai kai ba. In kana son magana a kan yanki sai ka samu bango uku ko huɗu a wurare daban da sunka nuna jeri iri ɗaya.

12. Kafin ka bar wurin

Cike duk ramin da ka gina saboda yara da bisashe, ka yi ma mai gona godiya ka gaya mashi abin da ka gani. Da dare ka ɗauki hoton kowane shafi na kaye ka tura ma kanka da malaminka. Kowane samfuri ka raba biyu, rabi labo rabi ajiya. Ƙasusuwan kuwa ba naka ba ne, da lambobinsu da kwafin zanen bangon za a miƙa su jami'a ko gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, kuma in za a aika wani abu waje don awo sai an samu takardar fitarwa tukunna, kada ka ba ɗan'uwa mai tafiya ya sa a jaka.